Shin gobara ce ta kashe Montreal Wanderers?

"Malam, barka da aiki. Ina karatu a Kanada, sai wani abokin karatuna ya ba ni labarin wata tsohuwar ƙungiyar hokin ƙanƙara mai suna Montreal Wanderers. Ya ce sau huɗu tana ɗaukar Kofin Stanley, kuma ita ta ci wasan farko a tarihin gasar NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, amma bayan sati biyu zauren wasanta ya ƙone, shi ke nan ta mutu. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya gobarar yini ɗaya za ta shafe ƙungiya mai irin wannan tarihi? Kuɗin sake gini ne babu, ko akwai wani abu a ƙasa?"

Barka kadai, ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Duk abin da abokinka ya faɗa maka gaskiya ne, sai dai ya tsallake abu ɗaya, kuma a cikin abin da ya tsallake ɗin amsarka take. Zauren da ya ƙone ran 2 ga Janairu 1918, wato Montreal Arena, ba Wanderers kaɗai ke wasa a cikinsa ba. Montreal Canadiens ma gidansu ke nan, su ma kayan wasansu sun ƙone a wannan rana. To ga Canadiens nan har gobe, sun ɗauki Kofin Stanley sau 24. Wuta ɗaya, gida ɗaya, ɗaya ta tashi ta karkaɗe toka, ɗaya ta kwanta ke nan. Saboda haka tambayar da ya kamata mu bi ita ce: a wane hali wutar ta tarar da Wanderers?

Na daɗe ina bin tarihin ƙungiyoyin wasa da suka shuɗe, mafi yawa ta hanyar tsofaffin jaridu, kuma abu uku nake fara dubawa kafin in kalli sakamakon wasa ko ɗaya: wa ya mallaki filin, wa ke biyan 'yan wasa, su wa ke shigowa ta ƙofa su biya kuɗi. Kofi ba ya ciyar da ƙungiya. Waɗannan ukun ne ke ciyar da ita, kuma da su zan auna maka Wanderers.

Yadda wasan yake a lokacin

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin wasan ba: ana yin sa ne a kan daskararriyar ƙanƙara, 'yan wasa sanye da takalma masu ƙarfe kamar kaifin wuƙa a ƙasa, kowa da sanda mai lanƙwasa a baki, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba zuwa raga. Yau mutum shida ke shiga a kowane gefe, amma a farkon zamanin Wanderers bakwai ne, kuma sau da yawa waɗanda suka fara su ke gamawa. Ƙanƙarar ma ta Allah ce a zaurukan lokacin, don haka kakar wasa gajera ce, daga ƙarshen Disamba zuwa Maris. Wasa goma ko goma sha biyu, an gama shekara. Ka riƙe wannan, domin yana nufin duk kuɗin da ƙungiya za ta samu a shekara daga wasannin gida biyar ko shida zai fito.

Shi kuwa Kofin Stanley, Gwamna Janar na Kanada, Lord Stanley, ne ya ba da shi a 1892, aka fara miƙa shi a 1893. A wancan zamani kamar kambun dambe yake: yana hannun gwani, wanda ya ji ya isa daga wata gasa sai ya aiko da ƙalubale, amintattun kofin su sa rana. Shi ya sa za ka ga ƙungiya ta kare shi sau uku ko huɗu a shekara ɗaya.

Shekarun ɗaukaka

An kafa Wanderers a Disamba 1903, James Strachan ne jagora. Ginshiƙanta 'yan wasa ne da suka ɓalle daga Montreal Hockey Club, wadda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar motsa jiki ta birnin, MAAA, kuma su ne suka ci mata kofin a 1902 da 1903. Rigarsu fara ce mai jan ɗamara a ƙirji, shi ya sa jaridu ke musu laƙabi da masu jan ɗamara. Tun daga nan akwai abin lura. Uwar da suka bari tana da gini, tana da mambobi masu biyan kuɗi, tana da wasanni iri-iri duk shekara. Wanderers ba ta da komai sai 'yan wasanta. Muddin suna cin wasa, hakan ya wadatar.

Kuma sun ci, ba kaɗan ba. A Maris 1904 suka ƙalubalanci Ottawa, aka tashi 5 da 5 a Montreal, gardama ta kaure kan inda za a sake wasan, suka ƙi zuwa Ottawa, kofin ya zauna inda yake. A 1906 suka sake haɗuwa, kowa ya ci wasa tara ya faɗi ɗaya a kakar, aka ce a yi wasa biyu a tara ci. A Montreal, Wanderers suka lallasa su 9 da 1. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Da aka je Ottawa ma Wanderers ne suka fara zurawa, jimilla ta zama 10 da 1. Daga nan Ottawa ta zura tara a jere, aka koma kunnen doki, 10 da 10, zauren kamar zai tsage. Lester Patrick ne ya zura biyu a ƙarshen wasa, Wanderers suka tsira da 12 da 10, suka kawo ƙarshen shekara uku da Ottawa ta yi tana riƙe da kofin. Duk sanda na sake karanta rahoton wannan dare sai na ji kamar yau aka yi shi.

A ƙarshen wannan shekara suka kafa tarihin da ya fi kofin muhimmanci. Kafin nan doka ta ce wasan na 'yan sha'awa ne, ba a biyan kowa, ko da yake kowa ya san ana cusa wa gwanaye kuɗi a ɓoye, ko a ba su aikin da ba sa zuwa. A Amurka kuwa, a garuruwan haƙar tagulla na Michigan da su Pittsburgh, tun 1904 akwai gasar da ke biyan albashi a fili, tana ta janye gwanayen Kanada. Sai gasar gabashin Kanada ta sassauta, ta yarda a haɗa 'yan albashi da 'yan sha'awa, da sharaɗin a bayyana ko wane ne wane. Wanderers suka bayyana biyar: mai tsaron gida Riley Hern, da Hod Stuart, da Jack Marshall, da Pud Glass, da Ernie Johnson. Da su suka doke ƙungiyar garin New Glasgow a Disamba 1906, suka zama na farko da suka yi wasan Kofin Stanley da 'yan albashi ba ɓoye-ɓoye.

Shekarar 1907 ita ce mafi cika da labari. A Janairu wata ƙungiya daga ɗan ƙaramin garin Kenora, mai mutum wajen 4,000, ta zo har Montreal ta ƙwace kofin. Wanderers suka gama kakarsu ba a doke su ko sau ɗaya ba, wasa goma nasara goma, suka bi Kenora zuwa Winnipeg a Maris suka karɓo abinsu da jimillar 12 da 8. A wannan kakar aka yi wani mummunan wasa da Ottawa inda aka rotsa 'yan Wanderers uku da sanda, har maganar ta kai gaban alƙali. Hod Stuart na cikin waɗanda aka rotsa, kuma jaridu sun yaba yadda bai rama ba. Watanni kaɗan bayan ɗaukar kofin, a Yuni, ya yi tsalle cikin ruwa kusa da Belleville, kansa ya bugi dutse, ya rasu yana da shekara 28. Ran 2 ga Janairu 1908 aka tara gwanayen sauran ƙungiyoyi suka kara da Wanderers don tara wa matarsa da 'ya'yansa kuɗi. Wannan shi ne wasan taurari na farko a tarihin hoki, kuma a Montreal Arena aka yi shi, shekara goma cif kafin ranar da zauren ya ƙone. A 1908 ɗin suka sake cin gasa, suka kare kofin daga masu ƙalubale na Ottawa da Winnipeg da Toronto da Edmonton.

Rigimar zaure ta 1909

Nan ne nake so ka tsaya sosai, don nan ne tambayata ta farko, wa ya mallaki fili, ta fara cizo.

A 1909 ƙungiyar ta koma hannun P. J. Doran, wanda ke da nasa zauren, Jubilee Rink, a gabashin birnin. Ya ce can Wanderers za su koma. Jubilee bai kai Arena ɗaukar mutane ba, kuma a tsarin lokacin baƙi na da kaso a kuɗin ƙofa. Ƙaramin zaure, ƙaramin kaso. Sauran masu ƙungiyoyi ba su da hanyar korar zakarun jiya kai tsaye, sai suka yi dabara: a Nuwamba 1909 suka rushe gasar gaba ɗaya, suka kafa sabuwa mai suna CHA, suka ƙi karɓar Wanderers.

A otal ɗin Windsor aka yi taron. Wakilin Wanderers, Jimmy Gardner, ya fito a fusace ya ci karo da Ambrose O'Brien, ɗan wani attajirin ma'adinai daga Renfrew, wanda shi ma aka ƙi karɓar ƙungiyarsa. Su biyun suka shirya tasu gasar, NHA, a farkon Disamba. Don su ja masu jin Faransanci, waɗanda su ne mafi yawan mutanen Montreal, suka ga ya kamata a kafa ƙungiyar Faransawa zalla. Ran 4 ga Disamba 1909 aka haifi Les Canadiens, da kuɗin O'Brien. CHA ba ta yi ko wata guda tana wasa ba ta ruguje, Ottawa da wata ƙungiyar Montreal mai suna Shamrocks suka koma NHA. Wanderers suka ci wasa 11 cikin 12 a 1910, suka ɗauki kofi na huɗu, suka kare shi a hannun Berlin ta Ontario da 7 da 3.

A zahiri sun yi nasara ta kowace fuska. Amma dubi abin da nasarar ta haifar. Na ɗaya, da hannunsu suka taimaka aka kafa maƙwabciyar da ke da jama'a tata ta jini da harshe, alhali masu jin Ingilishi a birnin tsiraru ne, kuma son wasansu ya daɗe a rarrabe tsakanin ƙungiyoyi da dama. Na biyu, kuɗin O'Brien ya haukata kasuwar 'yan wasa. Renfrew ta biya gwanin ɗan wasa Cyclone Taylor dala 5,250 a kakar wasa goma sha biyu. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa kaɗai ba ta iya wannan tsere. Da masu gasar suka ga asara, suka ƙayyade albashin ƙungiya dukanta a dala 5,000, 'yan wasa suka yi bore, ɗan wasa Art Ross na kan gaba.

Ana cikin haka Sam Lichtenhein, wanda kuma ke da ƙungiyar besbol ta Montreal Royals, ya sayi Wanderers a ƙarshen 1910, ƙungiyar ta koma Arena a matsayin 'yar haya. A 1911 Lester Patrick, gwarzon 1906, da ƙanensa Frank suka buɗe gasarsu a gaɓar yammacin Kanada, da zauruka masu ƙanƙarar inji, suka zo gabas farautar 'yan wasa. Wanderers ta rasa Ernie Johnson da Jimmy Gardner da Harry Hyland a lokaci guda, su ukun suka tafi ƙungiyar New Westminster ta can yamma suka ci mata gasa. Hyland ya dawo daga baya, 'yan'uwan nan Sprague da Odie Cleghorn suka riƙe ƙungiyar, har a 1915 ta yi kunnen doki da Ottawa a saman tebur, ta faɗi a wasan raba gardama. Daga nan sai gangara.

Yaƙi, da sati biyun ƙarshe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci Wanderers ta baki biyu. Matasan Montreal masu jin Ingilishi sun fi shiga soja da yawa, kuma su ne 'yan kallonta, daga cikinsu ne kuma take samun 'yan wasa. A 1917 gwamnati ta kawo dokar shiga soja dole. A daidai lokacin Canadiens na tashe: sun ɗauki kofin a 1916, suka ci gasar NHA a 1917, ga Newsy Lalonde, ga Didier Pitre, ga Georges Vézina a raga.

A cikin gasar kuma ana ta rikici da mai ƙungiyar Toronto, Eddie Livingstone, kuma ba wanda ya kai Lichtenhein ƙinsa. Da suka rasa yadda za su kore shi, sai suka ɗauko dabarar da aka yi wa Wanderers a 1909. Suka jingine NHA, suka kafa NHL ran 26 ga Nuwamba 1917, a wannan otal ɗin na Windsor, ba tare da shi ba. Wannan yana ba ni takaici, domin ƙarfin da Lichtenhein ya zuba a faɗa da mutum ɗaya, ƙungiyarsa ce ta fi bukatarsa.

Da aka zo fara wasa, Wanderers ba ta da mutane. Sprague Cleghorn ya karye a ƙafa. Odie an ɗage masa shiga soja bisa sharaɗin ba zai yi wasa ba. Ƙungiyar Quebec ta ce ba za ta shiga kakar ba, aka raba 'yan wasanta, Wanderers ta samu Dave Ritchie da Jack McDonald, amma babban kifin, Joe Malone, Canadiens ya tafi, inda ya zura 44 a wasa 20. Tun kafin wasan farko Lichtenhein ke cewa in ba a ba shi 'yan wasa ba zai janye.

Ran 19 ga Disamba 1917 suka doke Toronto 10 da 9. Ritchie ya zura na farko, Hyland ya zura biyar. An yi wani wasan a Ottawa a wannan daren, kuma an daɗe ana gardamar wanne aka riga farawa, sai a 2017 aka tabbatar daga tsohuwar jarida cewa na Montreal ne, don haka abokinka ya yi daidai. Amma lambar da ni na fi dubawa a wannan dare ita ce ta ƙofa: mutum wajen 700, a zauren da ke ɗaukar dubbai. Daga nan Canadiens suka casa su 11 da 2, Ottawa ta bi da 6 da 3, ta ƙara da 9 da 2.

Ran 2 ga Janairu, da rana, Arena ta kama da wuta ta ƙone ƙurmus. A daren ne ya kamata Wanderers su kara da Canadiens. Canadiens suka nemo kayan aro suka koma Jubilee Rink. Su ma Wanderers ba a rufe musu ƙofa ba, don mutanen Hamilton sun yi musu tayin zaure. Abin da Lichtenhein ya nema a taron gasar shi ne 'yan wasa, sauran suka hana, ya sallami ƙungiyar ran 4 ga Janairu. Aka rubuta musu faɗuwa a wasa biyun da ba su je ba, tarihinsu a NHL ya tsaya a nasara ɗaya, faɗuwa biyar.

To ka ga maganar kuɗin sake gini ba ta taso ba, tunda ginin ba nasu ba ne, na kamfanin Arena ne. Abin da suka rasa a wutar riguna ne da sanduna da takalma, irin abin da Canadiens suka maye cikin kwanaki. Mutumin da ke asara a kowane wasa, 'yan wasansa sun watse, 'yan kallo sun ƙaurace, wuta ta zo ta ba shi dalilin da ba mai zarginsa a kai: faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Wannan awo nawa ne, kuma akwai masana da ke ɗora nauyin a wani wurin. Wasu na ganin yaƙin kaɗai ya isa bayani, kuma da ƙungiyar ta lallaɓa ta kai ƙarshen 1918, da samari sun dawo, da ta farfaɗo. Hujjarsu ba ta da rauni, domin Ottawa ma ta sha wuya a shekarun yaƙi, ta jure, ta zo ta mamaye farkon shekarun 1920. Wasu kuma na ɗora laifin kan halin Lichtenhein shi kaɗai. Sai ka yi hattara da wannan, don jaridun da muke dogaro da su kowace da ɓangarenta, na Toronto ba sa ƙaunarsa, kuma abin da mai ƙungiya ke faɗa wa ɗan jarida game da asararsa sau da yawa ciniki yake yi da abokan gasarsa. Ni abin da ya rinjaye ni shi ne gwajin da na fara da shi. Canadiens sun sake rasa gida a 1919 da Jubilee ɗin ma ya ƙone, mai ƙungiyar George Kennedy ya rasu a 1921, duk da haka aka samu masu saye, saboda akwai jama'ar da ke ganin ƙungiyar tasu ce ko ta ci ko ta faɗi.

'Yan wasan Wanderers sun watsu: Ritchie da Hyland suka tafi Ottawa, McDonald ya koma Canadiens, Art Ross ya ajiye sanda, daga baya ya zama wanda ya gina ƙungiyar Boston Bruins tun daga 1924. A wannan shekarar ce aka sake gwada kafa wa masu jin Ingilishi ƙungiya a Montreal, kuma James Strachan, wanda ya kafa Wanderers, shi ne shugabanta na farko. Ita ce Maroons. A wannan karon an fara da gini: aka gina Montreal Forum dominta, a titin Sainte-Catherine, 'yan taku kaɗan daga inda Arena ta ƙone. In ka samu zuwa Montreal, sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Atwater, ka ga ginin Forum, sannan ka taka yamma kaɗan zuwa mahaɗar titin Wood, nan Arena take a da. Maroons ta ɗauki kofin a 1926 da 1935, matsin tattalin arziki ya durƙusar da ita a 1938, Forum ɗin ya zama gidan Canadiens su kaɗai har zuwa 1996.